Ƙarfe Ba Duk Ɗaya Ba Ne: Raddi Kan Notin Mariƙin Altaneta

Akwai wata magana da ta zauna daram a garejojinmu da kasuwannin kayan gyara, daga Panteka ta Kaduna har Ƙofar Ruwa ta Kano, musamman a bakin masu hulɗa da tsofaffin motoci irin su Peugeot 504. Reshe biyu gare ta. Ɗaya ya ce noti in dai ya shiga rami kuma ya ɗauru, to ya yi. Ɗayan ya ce duk inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe a jikin injin, nan ma at ne, wato hanyar komawar wuta batir, rewaya ya maƙala wayarsa ya wuce. Tushensu guda ne: ƙarfe ai ƙarfe ne. Ni kuwa ina ganin maganar nan tana da gyara, kuma babu inda gyaran ya fi fitowa fili kamar a mariƙin altaneta, wato ƙarfen da ke riƙe da ita a jikin injin, da 'yan uwansa masu riƙe kwamfuresan esi da famfon sitiyari.

Kafin in ce komai, sai na ba masu maganar haƙƙinsu. An fito da 504 a Faransa a 1968, kamfanin PAN ya fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, ya ci gaba har cikin shekarun 2000. An daɗe da daina ƙera ta, amma har gobe za ka ga wagon da a-kori-kura suna ɗibar mutane da buhuna ranar kasuwa. Iyayenmu makanikai ne suka raya su, da gwangwanin tsofaffin notuna a gefen rami da basirar da Allah ya ba su. Wanda ya sha ganin mota ta tashi da notin da aka tsinto a gwangwani yana da hujjar ya ce abin yana yi. Reshe na biyu ma yana da asali, domin da gangan masu ƙera mota suka mayar da bodi da injin hanyar da wuta ke bi ta koma batir, don a rage yawan waya. Wanda ya ce jikin injin at ne bai yi ƙarya ba. Inda muka rabu shi ne a ce kowane noti daidai yake da ɗan uwansa, kowane wuri kuma daidai yake da wani.

Abin da ya sa maganar ta daɗe ba a ƙalubalance ta ba shi ne sakamakonta ba ya zuwa nan take. Mota tana barin gareji lafiya lau. Sai bayan makonni batir ya fara kwana ba wuta, ko fambel ya fara kuka da safe, ko noti ya karye ya bar rabinsa a cikin bulok. A lokacin an manta da wanda aka tsinto a gwangwani. Sai laifi ya koma kan batir, a sayi sabo, ko a ce altaneta ce ta mutu, a canja ta, ciwon kuwa yana nan inda yake.

Mu fara da notin kansa. Aikinsa shi ne ya matse ƙarfe biyu har su kasa motsi a tsakaninsu, kuma yana yin haka ne ta hanyar miƙewa. Idan ka ja sufana, notin yana ƙara tsawo kaɗan, abin da ido ba ya gani, sannan yana ƙoƙarin komawa yadda yake. Wannan ƙoƙarin shi ne matsin. Duk wanda ya taɓa ɗaure kaya a bayan babur da roba ya san abin: robar da aka ja ta miƙe ita ke riƙe kaya, wadda ta saki kuwa ko an yi mata ƙulli goma kayan sai sun zame. Noti mai kyau yana miƙewa ya riƙe ƙarfinsa. Mai laushi yana miƙewa ya tsaya a miƙe, hannunka ya ji kamar ya ɗauru, alhali matsin ya tafi.

Yadda ake gane su a rubuce yake a kan notin, sai dai ba kasafai muke goge baƙin mai mu karanta ba. Za ka ga 4.6, ko 8.8, ko 10.9, ko 12.9. Lambar farko in ka ninka ta ɗari, ita ce ƙarfin jan da ƙarfen zai ɗauka kafin ya tsinke, da ma'aunin megafaskal. Ta biyu tana nuna kashi nawa cikin goma na wannan ƙarfin zai ɗauka kafin ya miƙe miƙewar da ba komawa. Ke nan 8.8 yana fara sallamawa a 640, shi kuwa 4.6 tun a 240. A noti mai kaurin milimita 8, wanda ake kira M8, wannan ya kama wajen tan 2.4 ga na farko, ƙasa da tan 1 ga na biyu. To ɗaurin da aka saba yi wa M8 mai lamba 8.8 kusan Nm 25 ne a sufana mai awo, kuma wannan ɗaurin yana jan notin da ƙarfin da ya kai tan ɗaya da rabi. Duba lissafin da kyau. Idan aka sa noti mai laushi a gurbin, aka ɗaure shi yadda aka saba, tun kafin a tayar da injin ya riga ya wuce iyakarsa. Galibin notuna masu ƙyalli da babu lamba a kansu, irin waɗanda ake haɗa gadon ƙarfe da ƙofa da su, a ajin masu laushi suke.

Mariƙin altaneta kuwa wuri ne marar tausayi. Altaneta tana da nauyin kilo biyar ko kusa da haka, tana rataye a gefe, fambel yana jan ta gefe guda ba hutu. Injin mai silinda huɗu a jere, irin na 504, yana da wata girgiza da ke bugawa sau biyu a kowane juyi. A gudun juyi 3000 a minti, bugu ɗari ke nan a daƙiƙa guda. Muddin matsin yana nan, mariƙi da bulok suna zama tamkar ƙarfe ɗaya, notin ba ya jin wannan bugu sosai. Da zarar matsin ya ragu, kowane bugu a kan notin yake sauka, sai tsaga ta fara a gindin zare ta riƙa ci a hankali har ya karye. Wanda ya ɗauki irin wannan guntu ya duba zai ga yawancin fuskar karayar sumul take, ta yi duhu, sai ɗan gefe guda mai kaushi inda ya ƙarasa tsinkewa. Alamar gajiya ke nan, kuma sakin ɗauri ya fi kawo ta.

A nan wasu sukan tsallaka zuwa ɗaya gefen, su ce to a sa mafi ƙarfi ko'ina, a huta. Wannan ma ban yarda da shi ba, ko da yake ya fi na farko kusa da gaskiya. Duk ƙarafan nan, mai 8.8 da mai 12.9, miƙewarsu ɗaya ce idan aka ja su da ƙarfi ɗaya. Bambancinsu yana wajen iyakar da kowanne zai kai. Idan ka ɗaure 12.9 da Nm 25, matsin da zai bayar bai fi na 8.8 ba ko kaɗan. Sai ka ƙara ɗauri za ka ci moriyarsa, kuma a nan sai a tambayi ramin da ya shiga. Bulok ɗin 504 ƙarfen zubi ne, amma kan injin alminiyam ne, haka ma jikin altaneta. Zaren alminiyam zai zube tun notin bai ji komai ba. Noti in ya lalace, a jefar a sa wani. Zaren da ke jikin injin in ya zube, sai an huda an dasa sabo, wani lokaci sai an sauke kayan gaban injin gaba ɗaya. Ga kuma wani hali na 12.9: taurinsa ya sa ba ya jure tsatsa, kuma wanda aka yi wa rufin ƙyalli ba bisa ƙa'ida ba yana iya tsinkewa farat ɗaya ba gargaɗi. A mariƙin kayan gefen injin, 8.8 ya wadatar a mafi yawan wurare, 10.9 kuma inda kamfani ya sa shi tun asali.

Sai notin sitenles, wanda masu gyara tsohuwar mota don ado suke ƙauna. Kyau kam yana da shi, tsatsa ba ta kama shi. Amma wanda ya fi yawa a kasuwa, mai rubutun A2-70, yana fara sallamawa ne a 450, ƙasa da 8.8 nesa. Ɗaurin da 8.8 ke ɗauka cikin sauƙi yana kai shi bakin iyaka. Zarensa yana son cijewa ya manne, musamman in macen da yake shiga ma sitenles ce. A cikin alminiyam kuwa, in damina ta kawo laima, alminiyam ɗin ne ke cinyewa a kewayensa ya zama farin gari. A sa shi a murfi da lambar mota da kayan ado. Mariƙin da fambel ke ja ba wurinsa ba ne.

Batun "ya shiga" shi ma yana buƙatar a tsaya. M10 na motocin Turai yawanci tazarar zarensa milimita 1.5 ce, na motocin Japan kuwa 1.25 ya fi yawa. Kaurinsu ɗaya, a ido ba ka raba su. Notin inci mai 5/16, irin na tsofaffin motocin Amurka da Ingila, kaurinsa milimita 7.94 ne, saura ƙiris ya zama M8. Zai shiga juyi biyu ko uku sannan ya cije, yaron gareji ya ɗauka datti ne, ya sa ƙarfi, zare ya tafi. Motocin Faransa na wancan zamani ma suna da M7 mai kan sufana 11 a wurare da dama, girman da ba ka cika samu a motar Japan ba. Girman sufana kuma ba shaida ba ne: M8 na Turai sufana 13 yake ci, na Japan 12. Wannan rikici ya fi tashi ne idan aka ɗauko altaneta ko kwamfuresan wata motar Japan aka dasa wa 504, mai walda ya ƙera sabon mariƙi, notunan ƙasashe biyu suka haɗu a faranti ɗaya. Ƙa'idar mai sauƙi ce: noti ya tafi da yatsu har ya kusa zama. In ya nemi sufana tun a juyi na uku, a fitar da shi a duba.

Tsawo ma haka. A ƙarfen zubi ana son zare ya shiga kamar kaurin notin sau ɗaya da rabi, a alminiyam sau biyu. Sabon mariƙi in ya fi tsohon kauri, tsohon notin ya gajarta ke nan, zare uku ko huɗu ne kawai ke ɗauke da kaya. In kuma notin ya yi tsawo a rami mai ƙarshe, zai tokare ƙasa, sufana ta tsaya cak, mariƙin kuwa bai matsu ba. Wannan ya fi kowanne yaudara, domin hannu yana rantsuwa ya ɗauru.

Ba ina cewa a zubar da gwangwani ba. Tsohon notin asali da aka kwance daga irin motar, in zarensa lafiya, sau da yawa ya fi sabo marar lamba. A dai wanke shi da fetur, a karanta kansa, a gwada shi da wanda aka cire. Washa mai tsaga kuwa, wadda muke dogara da ita ta hana kwancewa, kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Tun 1969 wani injiniyan Jamus, Gerhard Junker, ya nuna cewa zamewar ƙarafa gefe da gefe ita ke kwance noti, kuma gwaje-gwajen da ake yi da irin na'urarsa sun sha nuna cewa wannan washa ba ta hana komai in girgiza ta yi tsanani. Ɗauri daidai, da washa shimfiɗaɗɗiya mai tauri, da ɗigon shuɗin gam ɗin zare irin na Loctite, sun fi ta aiki.

Yanzu ga reshe na biyu, wanda ya fi damuna, domin shi ne ke cin kuɗin mai mota a ɓoye. Waya mai kauri ɗaya ce ke fita daga bayan altaneta zuwa batir. Amma wuta ba ta tafiya sai da'ira ta cika, kuma ragowar da'irar ta jikin altaneta take bi, ta shiga mariƙi, ta shiga bulok, ta bi wayar at zuwa kan batir na negatif. Duk amfiya ɗin da ya bi waya mai kauri, shi ɗin ne dai zai ratsa waɗannan mahaɗai. Kowace mahaɗa kuwa tana iya samun fenti, ko tsatsa, ko baƙin mai da ya cakuɗe da ƙurar hunturu. Abin takaici, wanda ya fi ƙaunar motarsa shi ya fi faɗawa wannan rami: ya kwance mariƙi, ya goge, ya fesa masa fenti mai kauri gaba da baya, ya mayar. Ya rufe hanyar wuta da hannunsa. Fentin da ke tsakanin ƙarafan kuma zai murƙushe da zafi, matsin notin ya ragu. Hasara biyu a aiki ɗaya.

Za a ce ai notin da kansa ƙarfe ne, wuta za ta bi ta cikinsa. Za ta bi, amma da wahala. Ƙarfen noti bai kai kashi ɗaya cikin biyar na jan ƙarfe ba wajen ɗaukar wuta, sitenles kuwa kusan kashi ɗaya cikin arba'in ne. Zaren ma ba duka yake taɓa rami ba, sannan in an sa masa gam ko tsatsa ta shiga, abin da ya rage kaɗan ne. Faffaɗar fuska mai tsabta da noti ya matse ita ce hanyar gaskiya.

Lissafin ba shi da wuya. A ce wata mahaɗa tana da turjiyar om 0.01, abin da ƙaramar mita ba za ta ma nuna ba. Altaneta na ba da amfiya 60 da dare, fitilu da fanka a kunne. Folt 0.6 ya salwanta a wannan mahaɗa. Altaneta tana ganin ta ba da 14.2, domin regileta da ke cikinta da jikinta take awo, batir kuwa 13.6 yake samu. Mota tana tafiya, fitilar caji ba ta kama ba, amma batir ba ya cika, kuma batirin da ke zama ba a cike ba ba ya daɗewa. In kuma turjiyar a babbar wayar at ta injin take, kik da ke jan amfiya 150 zai rasa folt 1.5, wurin kuma ya fitar da zafin wat 225. Shi ya sa wani lokaci za ka taɓa kan waya bayan an sha murɗa makulli ka ji ta ɗau zafi.

Kada a manta injin a kan roba yake zaune. Injin sit ba ya wuce wuta. Idan wayar at da ke tsakanin injin da bodi ta ruɓe, ko aka manta ba a mayar ba bayan an sauke injin, wutar kik za ta nemi kowace hanya: wayar totur, wayar cok, wayar hambirki, har boris ɗin giyabos. Masu Volkswagen Beetle, wadda aka fara harhaɗa ta a Legas a 1975, sun san wannan ciwo. Batir yana ƙarƙashin kujerar baya, akwai kitsattsiyar waya daga giyabos zuwa shasi, kuma in ta lalace sai wayar kuloci ko ta totur ta ɗauki wutar, ta yi zafi har ta tsinke. Kamfanin Volvo kuwa, a motarsa ƙirar 240, kan roba ya ɗora altaneta don rage girgiza, sai ya ba ta wayar at tata daban. Da ƙarfe duk ɗaya ne, da ba su ɓata waya ba.

To a ina za a ɗaura wayar at? A nan ne reshe biyun suke haɗuwa, kuma a nan nake roƙon 'yan uwa rewaya su saurare ni. Al'ada ce a kwance notin mariƙi mafi kusa, a cusa kan waya a ƙarƙashinsa, a mayar. Kan wayar jan ƙarfe ne, mai laushi. Noti mai matsin tan ɗaya da rabi zai murƙushe shi, zafi da girgiza su ƙara lallasa shi, ya sirance, matsin ya tafi. An nemi gyara wuta, an kwance mariƙi. Notin da ke kan dogon hannu mai tsaga, wanda ake ja a tsuke fambel, ya fi muni, domin duk wanda ya zo gyara fambel sai ya kwance shi, wayar ta murɗe. Notunan kan injin ba a taɓa su sam, domin ɗaurinsu da tsari yake da awo, shi ke riƙe gaskit. Na bakin salansa zafi zai gasa wayar. Na murfin saman injin a kan gaskit mai laushi suke zaune, ɗaurinsu kaɗan ne. Na famfon ruwa kuma galibi da gam a jikinsu.

Wurin da ya dace shi ne rami mai zare a jikin bulok wanda ba ya riƙe da komai, kuma yawancin tsofaffin injuna suna da irinsa, ko wurin da kamfani ya tanada tun farko, kusa da kik in zai yiwu, tun da shi ne mai ci da yawa. A goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi haske. Kan waya ya kwanta kai tsaye a kan ƙarfen, washa ta hau samansa, sannan noti. Kada a sa washa tsakanin kan waya da bulok. Bayan an ɗaure sai a shafe kewayen da giris don laima. Waya ɗaya daga batir zuwa bulok, wata daga bulok zuwa bodi, a bar mata ɗan saki domin injin yana rawa a kan robarsa. Idan mariƙin sabon ƙira ne, ko an yi masa fenti, ko an dasa altaneta mai ƙarfi, a ja wata waya daga jikin altaneta zuwa bulok, kaurinta ya kai na wadda ke fita daga bayanta. Da haka noti ya tsaya ga riƙo, waya ta tsaya ga wuta. Kafin a taɓa ko ɗaya kuma a cire kan batir na negatif. Mai tsohuwar motar Ingila ya fara tabbatar da wane kai ne ke haɗe da bodi, domin da yawansu har tsakiyar shekarun 1960 fozitif suke haɗawa.

Wanda bai gamsu da maganata ba, mita za ta raba mu, amma ba gwajin ƙara ba. Ƙarar nan da mita ke yi in ka taɓa ƙarfe biyu ita ta fi ƙarfafa wa mutane imani cewa ko'ina at ne. Wutar da mita ke turawa ba ta kai amfiya ɗaya ba ko kusa, sili ɗaya na waya ma zai wuce da ita. Gwajin gaskiya sai wuta tana gudana. A juya mita zuwa folt, a tayar da injin, a ɗaga shi zuwa wajen juyi 2000, a kunna fitilu da fanka. Tsinke ɗaya a jikin altaneta, ɗayan a kan dalmar batir ta negatif, dalmar kanta, ba maƙalin da ke kanta ba. Bai kamata ya wuce folt 0.2 ba. Sannan a mayar da tsinken jikin bulok, wani ya murɗa makulli: in ya doshi rabin folt, babbar wayar at ko mahaɗarta na da magana. Daga nan sai a riƙa matsar da tsinke, daga altaneta zuwa mariƙi, daga mariƙi zuwa bulok, daga bulok zuwa kan waya. Inda lamba ta faɗi farat ɗaya, mahaɗar da ka tsallake ita za a kwance a goge.